Daɗin Kowa ko Nafada: ina ya fi dacewa a kai iyali hawan kwalekwale a Gongola?

Ɗan yayata da ke aiki a Bauchi ne ya kira ni bayan sallar isha'i. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Kawu, yaran nan sun hana ni sakat. Duk ranar da muka hau gadar Dindima sai sun leƙa ta taga suna tambayata ina ruwan nan yake zuwa. Ina so in kawo su Gombe su shiga kwalekwale, su kuma ga wani abu na tarihi. Wasu sun ce mini Daɗin Kowa, wasu sun ce Nafada. Ina za mu?" Na ce masa, "Ɗana, kafin in ba ka amsa, faɗa mini wane wata za ku zo, kuma autan naka shekararsa nawa." Waɗannan tambayoyi biyu su ne suke raba gardamar, kuma na ga mutane da yawa sun ɓata kuɗin mai da kwana guda na hutunsu don ba su yi su ba.

Ruwan da yaran suke gani a Dindima shi ne dai za su tarar a garuruwan biyu. Gongola daga tsaunukan Filato yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauchi ya nufi arewa maso gabas, ya bi ta gefen Gombe Abba, har ya kai Nafada. A nan yake yin kwana ya juyo kudu, ya wuce ta kusa da Ashaka, ya shiga tafkin da madatsar Daɗin Kowa ta tara, ya fita ta ƙasanta, ya karɓi ruwan Hawul, ya je ya zuba a Binuwai a Numan. Masana ƙasa sun ce a zamanin da can ba ya yin wannan kwana, Tafkin Chadi yake miƙewa. Abin da ya shafi mai son hawan jirgi a nan shi ne Nafada tana sama da madatsa, ruwanta na damina ne, ya zo ya wuce. Na Daɗin Kowa kuwa a tsare yake, rani da damina yana nan.

Zan fara da Daɗin Kowa, don ita mafi yawan mutane za su zaɓa, kuma mafi yawansu sun yi daidai. Daga cikin garin Gombe tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, a kan titin Biu, cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba. Za ka bi ta Kwadon, inda in ka dace da lokacin albasa da tumatir za ka ga buhuna da kwanduna sun cika bakin titi. Mutum zai karya kumallo a gida, ya je ya yini a bakin ruwa, ya dawo ya yi magariba a masallacin unguwarsu. Ga mai ƙananan yara wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yaron da ya gaji a mota ba ya ganin kyan komai.

Gwamnatin Tarayya ce ta gina madatsar, aka kammala ta a 1984, kuma faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 300. Ya miƙe arewa har cikin Kwami da Funakaye, ta gabas kuma ya taɓo ƙasar Barno da Yobe. Wanda bai taɓa ganin ruwa mai yawa ba, ranar farko shiru yake yi. Daga nan ake jan ruwan famfon da Gombe take sha. Tashar lantarkinta mai megawat 40 kuwa sai da ta yi sama da shekara 30 tana jira kafin ta fara ba da wuta, abin da har yau in na tuna yake sosa mini rai, ganin ruwan yana nan a tare duk tsawon shekarun da muka yi muna kwana cikin duhu. A garin akwai Kwalejin Tarayya ta koyon aikin lambu, kuma ƙasan madatsa duk noman rani ne, shinkafa da masara da kayan miya. Yaron birni zai ga da idonsa inda ruwan da yake buɗewa a famfo yake fitowa, da inda tumatirin miyarsu yake nuna. Bangon madatsar da tashar wuta wurare ne masu tsaro, ba a kutsa kai, ba a ɗaukar hoto sai an tambaya, kuma babu matuƙi mai hankali da zai kusantar da kai inda ake jan ruwa. In kana son hawa bangon, nemi izinin hukumar da ke kula da madatsar tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Daɗin wurin da sassafe yake. Zuwana na ƙarshe mun isa bakin ruwa hantsi bai ɗaga ba, masunta suna dawowa daga ɗebe kallin da suka shimfiɗa tun jiya. Mata na tsaye da robobi, ƙafafunsu cikin ruwa, kowace ta san jirgin da take jira. A gindin wani kwalekwale tarwaɗa uku manya suna ta bugun katako da jela, wani yaro da bai fi shekara goma ba yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka, ko kallonsu bai yi ba. Can baya hayaƙin banda yana tashi, warinsa ya haɗu da na ɗanyen kifi da na man inji. Aka juye kamun a kan buhu: karfasa ce ta fi yawa, sai kurungu yana ta gurnaninsa, sai ragon ruwa ɗaya da aka fara ciniki a kansa tun bai daina motsi ba. Dattijon da ya ɗauke mu ya dubi takalmana ya ce, "Alhaji, cire su ka riƙe a hannu, ka taka tsakiya, ka zauna kafin na bayanka ya shigo." Da muka yi nisa kaɗan sai na ga yana ƙwanƙwasa gefen jirgin da filafili lokaci zuwa lokaci. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Sallama nake wa masu gida. Dorina in ta ji ka tun daga nesa, za ta ɗago ka gan ta ka kauce. Wadda aka yi wa ba-zata ita ce take kifar da jirgi."

Maganar dorina ba tatsuniya ba ce a wannan yanki. Manoman Hinna da ƙauyukan gaɓar sun daɗe suna kokawa da ɓarnar da take yi musu a gonakin shinkafa da masara, domin da rana tana cikin ruwa, da dare take fitowa kiwo. Ga baƙo, hango garkenta daga nesa, kunnuwa da hanci kawai a saman ruwa, yana daga abin da ba zai manta ba, kuma wannan wani abu ne da Daɗin Kowa ta fi Nafada da shi. Amma daga nesa na ce. In matuƙi ya ce ba za a ƙara matsawa ba, kada ka ƙara masa kuɗi don ya matsa, musamman in akwai mai ɗa a cikinsu. Tsuntsaye ma suna nan birjik, balbela da zalɓe da kirinjijiya, sun fi yawa daga kaka zuwa hunturu.

Daga cikin ruwa, in sama ta yi garau, za ka ga Dutsen Bima ya tokare gabas. Shi ne babban rabon Daɗin Kowa a tarihi. Tun ƙarni na 19 ake danganta shi da labarin bayyanar Mahadi, abin da ya sa masu hijira daga ƙasar Hausa suka riƙa nufo wannan yanki. Garuruwan Terawa da ke kewaye da shi, irin su Hinna da Gwani da Shinga, tsofaffi ne masu sarautunsu da al'adunsu. Sai dai gaskiya ɗaya ce, abin da yake kai mutum Daɗin Kowa shi ne ruwan, kuma ruwan aikin injiniyoyi ne na jiya-jiyan nan. Wanda ya ce "tsohon gari a bakin kogi" yake nema, inda zai tsaya ya ce a nan kaza ya faru shekara ɗari da suka wuce, ba zai ƙoshi a nan ba.

Aibin tafkin kuwa shi ne faɗinsa. Ruwa mai faɗi iska yake jira. Na koyi wannan a wani watan Afrilu, kuma laifin nawa ne. Mun makara, muka isa bayan azahar, matuƙin ya dubi gabas ya ce gara mu bari sai gobe, ni kuwa na matsa masa don baƙin da na kawo washegari za su koma. Ba mu yi rabin sa'a ba sama ta haɗe, iskar hadari ta taso, igiyar ruwa ta fara dukan jirgin ta gefe tana zubowa ciki, injin ya mutu. Filafili ɗaya ne tak a jirgin. Mu shida, babu mai rigar ceto ko ɗaya. Bawan Allahn nan ya juya kan jirgin ya fuskanci igiyar, ya ce kowa ya zauna a ƙasa kada wanda ya motsa, ya miƙa mini jarka ya ce in yi ta kwarfa. Allah Ya sa iskar gaɓa ta tura mu, muka fita a wani wuri mai nisa da inda muka bar mota, muka tako cikin taɓo muna salati. Tun daga ranar ban sake musu da mai jirgi a kan sama ba. Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin hadarin farkon damina, ban yarda a kai yara tsakiyar tafkin nan ba. A tsakiyar hunturu ma iska kan tayar da ruwan, ga hazo ya rufe Bima ruf. Mafi kyawun lokaci a wurina shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: tafkin a cike, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama a wanke, zafi da sauƙi. In ruwa ya ja baya da rani, kututturan itatuwan da tafkin ya cinye sukan matso kusa da sama, shi ya sa ɗan gari kaɗai ya kamata ya tuƙa ka.

Nafada wata duniya ce daban, kuma ni, in don kaina ne, ita zuciyata take so.

Tafiyar ta haura kilomita 100 daga Gombe, a kan titin da ya bi ta Bajoga ya nufi Fataskum. Wannan kaɗai ya ninka kuɗin mai kusan sau uku, ya kuma cinye safiya. Amma hanyar kanta tana cikin abin da aka je gani, domin a yankin Bajoga da Ashaka ne Bormi take. A nan Malam Jibril Gaini ya kafa ribaɗinsa ya gagari sarakunan yankin, har Turawa suka kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Bayan Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da dubban jama'a, manya da talakawa, ya zo ya tsaya a Bormi. Turawa suka kawo hari a watan Mayu aka kore su, suka dawo da ƙarfi ranar 27 ga Yuli, 1903. A ranar Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, aka kuma kashe Manjo Marsh da ya jagoranci harin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa har yau. Kabarin Attahiru yana nan a filin, na Baturen ma yana nan. Wuri ne shiru, gonaki kewaye da shi. Na tsaya a nan na yi addu'a, na ji nauyin da ban taɓa ji a aji ba duk da sau nawa aka karanta mana wannan yaƙi. Yaron da ya kai sakandare ya kamata a ce ya taka wannan ƙasa sau ɗaya. A Bajoga za ka nemi wanda zai raka ka, don hanyar shiga ba ta baƙo ba ce, musamman in ƙasa tana da danshi.

Ita Nafada, garin Bolawa da Fulani, kogin ne ya ɗaukaka ta. A farkon mulkin Turawa, kafin jirgin ƙasa da manyan tituna, kayan da za a kai Barno ta ruwa suke hawowa: daga Lakwaja a bi Binuwai zuwa Numan, a shiga Gongola lokacin da ya cika, a yi ta turawa har Nafada. Nan ne iyakar inda jirgin kaya yake iya kaiwa, daga nan sai jakuna da takarkarai da 'yan dako su ɗauka ta tudu. Wannan ya sa Turawa suka kafa bariki a garin, kamfaninsu na ciniki, Niger Company, ya buɗe kanti. A 1913 aka taso da hedikwatar Masarautar Gombe daga Gombe Abba aka kawo ta Nafada, zamanin Sarki Umaru, ta zauna shekara 6, sannan a 1919 aka mayar da ita Doma, wato Gomben da muke ciki yanzu. Mutanen Gombe da yawa ba su san garinsu ya taɓa zama ƙauye Nafada tana birnin sarki ba. Daga baya mota ta karɓe kaya, jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963 ya wuce Maiduguri a 1964, madatsun Kiri da Daɗin Kowa kuma suka datse kogin, hanyar ruwan ta mutu gaba ɗaya. Saboda haka in ka zauna cikin kwalekwale a gindin Nafada, kana kan ƙarshen wata tsohuwar hanya ce da ta taso tun daga teku.

Kada ka je da zaton za a tarbe ka da alluna da ɗan jagora mai riga iri ɗaya. Tarihin Nafada a bakin dattawa yake. Abin da ya dace, ka fara zuwa fada ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san gari da kuma sarkin ruwa ko wakilinsa. Wannan gaisuwa ta minti goma ita ce take buɗe maka ƙofofin da kuɗi ba ya buɗewa, kuma ita ce take sa a ba ka matuƙi na kirki.

Hawan jirgin Nafada ba irin na Daɗin Kowa ba ne. A can yawo ake yi a kan ruwa kwantacce, a nan fito ake yi a kan ruwa mai gudu. Na je a ƙarshen wani Satumba, kogin ya cika gaɓa da gaɓa, ya yi ja kamar kunun kanwa, yana tafe da ciyayi da rassan itace. Ko da yake akwai gada a kan babban titi, manoma da mutanen ƙauyukan tsallake da suke nesa da ita kwalekwale suke bi. Na ga an ɗora babur a tsakiyar jirgi, mai shi ya rungume shi, ga buhun gero biyu, ga wata tsohuwa da akuya a ɗaure tana yi mata magana. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai fiton bai nufi tsallake kai tsaye ba. Sai da ya kafa gora ya bi gefen gaɓa ya hau sama da ruwa tafiya mai nisa, inda gudun yake da sauƙi, sannan ya saki kan jirgin ya shiga tsakiya, ya ajiye gora ya ɗauki filafili, ruwan da kansa ya gangaro da mu daidai mashigin da ake sauka. Na ce masa, "Malam, wa ya koya maka wannan lissafi?" Ya ce, "Babana, shi ma babansa. Ba a faɗa da Gongola, lallaɓa shi ake yi." Wannan gwaninta ba za ka gan ta a tafki ba, inda inji ya karɓe rabin aikin.

To amma ga inda Nafada take kayar da mutane. Ruwan nan na ɗan lokaci ne. A marka, wato Agusta zuwa tsakiyar Satumba, ya fi ƙarfin baƙo, kuma ban ba kowa shawarar ya sa yaro a ciki ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba yake daidai, akwai zurfi, gudun ya lafa. Daga nan sai ya yi ta janyewa. Na koma a wani watan Maris na tarar da fili na yashi fari fat, ruwan ya koma 'yar siririyar hanya a gefe ɗaya, samari suna ƙwallo a inda muka wuce da jirgi, shanu suna tsallakawa ruwa bai kai musu gwiwa ba. Yana da nasa kyan, amma wanda ya yi wa 'ya'yansa alkawarin kwalekwale ya kawo su a wannan lokaci, zai koma da masu kuka. Hutun makaranta na Disamba da na Afrilu duka ba sa cikin lokacin Nafada. Wannan kaɗai ya isa ya yanke wa mafi yawan masu yara hukunci.

Akwai kuma batun kwana da tsaro. Mai zuwa Daɗin Kowa a Gombe zai kwana, inda masauki yake iri-iri daidai aljihun kowa. Mai zuwa Nafada da Bormi a rana ɗaya sai ya yi sammako sosai, in ba haka ba ya kwana a Bajoga. Yankin ya ga tashin hankali a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari Nafada da Ashaka, kuma ko da yake al'amura sun daidaita ƙwarai, har yanzu hanya ce da ake bi da rana, da katin shaida a aljihu, bayan an tambayi direbobin tasha yadda take a makon. Wajen abinci Daɗin Kowa ta yi gaba, don kifi ba ya yankewa, soyayye da gasasshe da banda na tsaraba. A Nafada ma akan samu, sai dai yawansa yana bin ruwa, don haka ka tafi da guzurinka da ruwan sha. Kuɗin jirgi a duka wuraren ciniki ne, a yi shi a tudu kafin a shiga, a faɗi inda za a kai da tsawon lokacin da za a yi. A Daɗin Kowa shatar mai inji ta fi tsada saboda mai. A Nafada kuɗin fito kaɗan ne, hanya ce take cin kuɗin.

Mutanen Bauchi suna da zaɓi na uku da ya fi kusa da su, wato Gombe Abba, in sun biyo ta Darazo suka nufi Dukku. Nan ne Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birninsa a bakin Gongola, nan kuma kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1841. Ta fuskar tarihi ita ce uwa. Ta fuskar ruwa kuwa matsalarta irin ta Nafada ce, har ta fi, don ta fi ta zama sama. Ziyara ce ta sa'a biyu a kan hanya, ba wurin da za a je musamman don jirgi ba.

Ko ina ka zaɓa, akwai abin da ba na sassautawa a kai, wato rigar ceto. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana shiga jirgi ba tare da ita ba, ta kuma hana tafiyar dare, amma kada ka dogara za ka tarar da ita a bakin ruwa, balle daidai jikin yaro. Saya ko aro tun daga gari, ka gwada wa kowane yaro a gida, ka ɗaga shi ta kafaɗun rigar ka gani ko za ta zame ta kansa. Iya iyo ba hujja ba ce, ruwa kan ci gwani balle ɗan koyo. Ka ƙirga mutanen da ke cikin jirgi, in ka ga bakinsa ya kusa shan ruwa, jira na gaba. Ka duba akwai filafili biyu da abin kwarfa ko da jirgin mai inji ne. Kada a miƙe tsaye don ɗaukar hoto. Sannan kada ka bar yara su yi wanka a ruwa kwantacce na gefen gaɓa ko magudanan lambu, don a irin wuraren nan ake kwasar tsargiya, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini ba a san daga ina ba.

Ɗan yayar tawa ya ce autansa shekara 5, babbar kuma tana aji biyu na babbar sakandare, hutun da zai samu kuma a tsakiyar Nuwamba ne. Na ce masa to su zo ranar Juma'a su kwana a gidana, Asabar da asuba mu kama hanyar Daɗin Kowa, mu yi sa'a ɗaya a ruwa kusa da gaɓa kafin iska ta tashi, mu ci kifi, mu zaga lambuna, mu tsaya Kwadon su yi tsarabar albasa. Ya ce, "Kawu, tarihin fa?" Na ce Lahadi in za su koma su bi ta Dukku su tsaya Gombe Abba, su fita ta Darazo. Nafada da Bormi kuwa mun ajiye su sai Oktoban baɗi in Allah Ya kai mu, ni da shi da babbar 'yar, mu kwana a Bajoga. Jiya ya turo mini hoton riguna huɗu masu ruwan lemo a kan kujerar falonsa, ya ce ta autan ta yi masa yawa, zai koma kasuwa ya canzo.